Gurbin Uwayen Ƙaguwa

Hukuma ta sa doka a kan kamun ƙaguwa, Miriam 'yar Malam Edward ta kawo mini takardar har gida. Ranar Talata ce, bayan la'asar. Ta yi sallama a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata a gidansu, sannan ta buɗe jaka ta zaro takarda mai hatimi. Ma'aikaciya ce yanzu a ofishin da ke lura da harkar su, wato kamun kifi. Na san ta tun tana goye.

Ni ne Kailani mai ƙaguwa. A Tudun Wadar Zariya aka haife ni, a gidan da nake ciki har yau, kan gangaren da ke sauka rafin Kubanni. Ubana masunci ne, amma kifi bai dame shi ba, ƙaguwa yake bi. An yi masa dariya a kan haka, ni ma an yi mini. Mutanenmu ba su cika cinta ba, sai in mai magani ya ce a nemo. Amma akwai masu ci. Mutanen kudu na Sabon Gari suna ci, malaman jami'a na unguwar Kongo suna aikowa, wasu gidajen Kiristocin garin nan ma sun iya miyarta. Da ƙaguwa aka yi mini aure, da ita na aurar da 'ya'ya biyar. Ban taɓa tsayawa ƙofar wani ina roƙo ba.

Miriam ce ta karanta mini, don idona ya daina ganin ƙananan rubutu, bokon ma a aji uku na tsaya. Daga watan gobe ba mai shiga ruwa sai da lasisi. Mai lasisi kilo shida zai kama a mako, ba ƙari. An kuma hana yin banda, wato busarwa da hayaƙi, a gida. Duk abin da aka kama a kai rumfar da aka gina a bakin kogin Galma, a can za a auna, a dafa, a busar a murhun ƙarfe, a zuba a leda mai tambari.

Na tambaye ta wa ya ƙirga ƙaguwar da ke ruwa har ya san kilo shida ne rabona. Ta ce an yi bincike, an kafa tarko wuri goma sha biyu har mako uku, aka ga sun yi ƙaranci. Na ce a wane wata. Ta ce Maris. Na ce a Maris ko ni ba na samu, suna can cikin rami sun toshe baki da laka suna jiran ruwa. Ta sunkuyar da kai, ta ce ta faɗa musu haka, amma a lokacin ne aka ba su motar aiki.

Ban ce dokar ba ta da dalili ba. A da mu bakwai ne a wannan sana'a, kowa ya san gaɓar kowa. Sai Alhaji Muntaka ya gano manyan otal na Abuja da Kaduna suna so, ya sayi mota mai sanyi, ya fara saye buhu-buhu. Yanzu an fi mutum ɗari. A babur suke zuwa, da diga suke fasa gaɓa, wasu har magani suke zubawa a ruwa. Babba da ƙarama, mai ƙwai da marar ƙwai, duk buhu ɗaya. Wanda ya ga haka ya ce a sa doka bai yi laifi ba.

Ishatu, matata, tana bayan ƙofa tana ji. Da aka zo kan maganar murhu ta kasa haƙuri, ta leƙo.

"'Yar nan, miyar da kika sha har kika yi wannan kumatun, a murhun ƙarfe aka busar da ƙaguwarta?"

Miriam ta yi dariya. "Inna, wallahi ba ni na rubuta ba."

"Ai na sani. Wanda ya rubuta bai taɓa ƙona yatsa ba."

Shekara arba'in da huɗu Ishatu na banda a murhun laka da ke bayan ɗakinta. Da hannunta ta gina shi, da hannunta take yaɓe shi duk kaka. Takan dafa ƙaguwa da gishiri da masoro, ta jera a kan raga, ta hura itacen marke a ƙasa, in wuta ta lafa ta watsa ɓawon gyaɗa don hayaƙi. Masu saye da hanci suke gane tata. Akwai wata mata a Sabon Gari da ke shinshinawa kafin ta gaisa, in ba ta Ishatu ba ce ta ajiye ta wuce.

Daga nan Miriam ta fito da fom ɗin lasisi. Layi biyu ne a ƙasansa. Na farko, ka faɗi wuraren da kake kamu. Wannan ba komai, kowa ya san su. Na biyu, ka faɗi inda kake sakin masu ƙwai, don dokar ta ce a sake su, kuma ma'aikaci ya bi ka ya ga wurin, ya sa shi a taswira da wayarsa. In layin nan bai cika ba, ba lasisi. Ta ce yawancin mutane suna cewa nan take suke saki, a inda suka kama. Ta ɗago ta dube ni. Ta san ni ba haka nake yi ba. Duk bakin ruwa an sani.

Ga yadda ake yi a gidanmu. In ka ɗaga gura, kwandon tarkon nan mai ƙaramin baki, ba ka juye shi a buhu. Ɗaya bayan ɗaya kake ɗauka. Ka kama ta ta baya yadda ba za ta cije ka ba, ka juya cikinta sama. Namiji marfin cikinsa siriri ne, na mace faffaɗa. Ka sa babban yatsa ka ɗaga marfin a hankali. In ka ga ƙwai ja-ja, ko 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar dawa suna motsi, wannan uwa ce. Uwa ba ta shiga buhu. Ba a kuma jefa ta inda aka kama ta, don gobe wani zai ɗauke. Masaki take shiga, a kan jiƙaƙƙen ganye, a rufe da faifai. In sun taru a ɗauka a ka, a kai su gida.

Gida wani gurbi ne a cikin wata ƙorama da ke faɗawa Galma. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Akwai duwatsu, akwai inuwa, ruwansa ba ya ƙafewa ko da bazara. Kakana ne ya same shi. Ba a kafa gura a wurin, ba a sa hannu a rami. In damina ta yi ƙarfi ƙoramar ta cika, 'ya'yan sai su gangaro gulbi. Su ne kowa ke kamawa shekara da shekaru, har da masu babur, ba su san daga ina take zuwa ba.

Ni ma ban san wurin da wuri ba. Sai da na yi aure, aka haifi ɗana na fari, sannan ubana ya ce in ɗauki masaki in biyo shi. Da muka isa ya buɗe faifai, ya karkata masakin a bakin ruwa, suka fita da kansu. Da za mu tashi ya ce, "Ka gani da idonka. Bakinka bai gani ba." Ba mu sake maganar ba har ya rasu.

An sha bina. Sai in bi wata hanya, in zauna gindin ɗorawa in yi ta cin goro har mai bina ya gaji ya koma.

Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, shi ne Malam Edward, uban Miriam. Malamin firamare ne, duk Asabar yakan zo a keke ya sayi na miya. Yana da tambaya kamar alƙali. Da farko na ɗauka raini ne, daga baya na ga so yake ya sani. Muka saba. In na shiga salla ya zauna a zaure ya tsare mini kwando, in an yi Kirsimeti ya aiko da shinkafa, in an yi layya Ishatu ta aika da cinya. Wata shekara kurkunu ya kama ni a ƙafa, daidai farkon damina, ga uwa goma sha tara a masaki, ba na iya taka ƙasa. Kwana biyu suna ciki, sun fara laushi. Malam Edward ya zo ya gani, ya tambaya. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na faɗa masa hanya sau ɗaya, ya maimaita mini sau ɗaya, ya ɗaure masakin a bayan keke ya tafi. Ya dawo da yamma, laka har gwiwa, ya ajiye masakin ya ce, "Sun isa lafiya." Ya yi shekara talatin bayan wannan a duniya. Ko matarsa bai faɗa wa ba.

Na ce wa Miriam ta bar fom ɗin, zan duba. Ta ce ranar Asabar akwai taro a rumfa, babban jami'i zai zo, in daure in je.

Na je. Rumfar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. An shimfiɗa tayil, ga famfo, ga sikeli a bakin ƙofa, ga murhun ƙarfe tsaye kamar kabad. Mata uku da fararen riguna da hula suna goge abin da ba wanda ya ɓata. Ba ƙanshin komai a wurin sai na fenti. Masu kamu sun cika benci, da yawa ban san fuskarsu ba.

Babban jami'in ya yi jawabi mai tsawo. A ƙarshe aka yi ta ƙorafi a kan kilo shida. Ya ce shi ba ya da ikon ƙarawa sai da hujja. In aka tabbatar akwai wurin da ƙaguwa ke haihuwa da yawa, aka gan shi, aka sa shi a taswira aka kare shi, to ana iya ɗaga rabon kowa zuwa kilo goma sha biyar.

Alhaji Muntaka ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, ai hujjar ga ta can a zaune. Baba Kailani. Shekara arba'in yana wuce mu da masaki a ka kamar mai tallan fura, ba wanda ya san gidan da yake kaiwa."

Aka yi dariya. Na bari ta lafa.

"Alhaji, ka taɓa juya ƙaguwa ka duba cikinta?"

"Ni ɗan kasuwa ne, Baba, ba ungozoma ba."

Aka sake dariya, har da jami'in. Wannan bai dame ni ba, na saba. Abin da ya dame ni Lawal ne. Lawal mutumin kirki ne daga Tudun Jukun, yana cikin 'yan kaɗan da ke sakin uwa, 'ya'yansa tara. Bai miƙe ba, daga inda yake ya juyo ya ce a hankali, "Baba, kilo shida ba ya riƙe gida."

Jami'in ya tambaye ni ko da gaske akwai wurin. Na ce akwai. Ya ce a ina. Na yi shiru. Ya sake tambaya da ladabi, na sake yin shiru. Sai ya juya ga Miriam ya ce a riƙe fom ɗina har sai layi na biyu ya cika, ƙarshen wata kuma za a rufe rajista. Na ɗauki sandata na fito.

A hanyar komawa na bi ta bakin Kubanni, ta inda gurbin Nagoda yake a da. Nagoda abokin sana'a ne, sa'ana, gidansu ma suna da nasu wurin kai uwa kamar namu. Shekara ashirin da suka wuce wasu ma'aikata suka zo da magana mai daɗi irin wannan, cewa za a kare wuraren haihuwa. Nagoda ya yarda, ya kai su. Ba su yi masa ƙarya ba. Sun kafa allo fari da jan rubutu, Hausa da Turanci, cewa nan wurin haihuwar ƙaguwa ne, an hana kamu. Har mai gadi aka sa. Mai gadi ya yi wata uku ya daina zuwa. Allon ya zauna. Duk wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba aka karanta masa. Kafin damina biyu ba ko ɗaya a gurbin, an farfasa gaɓar kamar an yi haƙar kabari. Nagoda ya bar ruwa, ya koma sayar da rake a Kwangila. In na wuce yakan kawar da kai. A can ya ƙare. Allon ma an cire an sayar, ƙafafunsa biyu na ƙarfe ne suka rage. Na tsaya na dafa ɗaya, na huta, na wuce.

A gida na faɗa wa Ishatu yadda aka yi. Ta ce abin mai sauƙi ne. In kai yarinyar kowane gurbi, in ce shi ne, ta danna wayarta, a ba ni takardata. Na ce za su kafa tarko su gwada. Ta ce kafin su sami mota an yi shekara. Na ce 'yar Malam Edward ce, ba zan dubi idonta in nuna mata ƙarya ba, ta je ta sa hannu a kai da sunanta.

"To me za mu ci, Malam? Girman kai?"

Na ce ga 'ya'ya nan, ɗaya direba ne, ɗaya tela.

"Kai? Kai da in ɗanka ya miƙo maka goro sai ka wuni kana ɓata rai?"

Gaskiya ta faɗa. Abin da nake tsoro ke nan, ba yunwa ba. In zauna a zaure daga safe har yamma, in jira a aiko mini. Tun ina saurayi ban taɓa yin mako ban shiga ruwa ba, sai shekarar kurkunu. In ba lasisi, gurata ta zama itacen wuta, murhun Ishatu kuma ya zama wurin kwanan kaji. Ranar na ji yadda take ajiye kwanuka.

Ruwan farko ya sauka saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare. Ƙasa ta yi ƙanshi, ramuka suka buɗe. Na kafa gura da hanjin kaza a wurarena na kullum. Cikin kwana huɗu na tara uwa goma sha ɗaya. A zamanin ubana rana ɗaya ake tara haka.

Bayan sallar asuba na ɗauki masaki na kama hanya. A da wannan tafiya ba ta kai mini hantsi. Yanzu gwiwa ta ƙi, sau huɗu na zauna. Ina tafe ina duba abin da ya rage. Kubannin da na sani kana ganin yashi a ƙasan ruwa, masu wanki sun shanya fararen kaya a kan ciyawa tun daga gada har gangare, mu kuma muna sha da hannu ba tunanin komai. Yanzu leda ce da baƙin ruwa. Inda ubana ke yanke kaba ya saƙa gura an yi gidan bulo. Gonar rake da muke ratsawa ta zama wurin wankin mota. Sai da na yi nisa sosai, gidaje suka ƙare, sannan ƙasa ta fara kama da wadda na sani.

Gurbin yana nan yadda yake. Duwatsun nan, inuwar nan, ruwan da sanyi har cikin ƙashi. Na sauke masaki, na buɗe faifai, na karkata shi. Suka fita a karkace yadda suka saba, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta tsaya a bakin masakin ta ɗaga hannuwa kamar za ta yi faɗa, sannan ta shige ƙarƙashin dutse. Na duba gefen ruwa. Ramuka sun fi a ƙirga, sababbi, da ɗanyar laka a bakinsu. Duk Zariya ba sauran wuri irin wannan.

Na zauna a kan dutsen da ubana ke zama. Na yi tunanin Lawal da 'ya'yansa tara. Na yi tunanin Miriam, yarinya ce mai gaskiya, jinin ubanta ne. Na ce a raina wataƙila zamani ya canja, wataƙila wannan karon za a tsare. Har na fara shirya yadda zan kwatanta mata hanya. Sai na tuna ƙarfen nan biyu a bakin Kubanni. Waɗanda suka kafa allon su ma masu gaskiya ne. Na wanke masakin, na kifa shi a ka, na dawo. Sai bayan azahar na iso gida.

Ranar ƙarshe ta wata Miriam ta zo da hantsi. Ba ta tsaya a zaure ba, Ishatu ta kira ta ciki. Ana banda ta ƙarshe. Hayaƙin marke da ɓawon gyaɗa ya cika tsakar gida, ƙaguwa ta yi ja a kan raga. Ishatu ta ɓare ɗaya da zafinta ta miƙa mata. Miriam ta ci, ta rufe ido. Ta ce tun rasuwar babanta ba ta ji wannan ɗanɗano ba.

"Ki ƙara," in ji Ishatu. "Daga gobe sai mai ƙanshin fenti."

Na zauna a kan turmi, ita a kan kujera 'yar tsugunne, fom ɗin a cinyarta. Ta ce ta yi magana da babban jami'i. Ba za a kafa allo ba. Ta san labarin Nagoda, ta karanta shi a tsofaffin takardun ofis. Wurin zai zauna a kwamfuta kawai, ita kaɗai za ta bi ni, ko direba ba za ta ɗauka ba.

Na tambaye ta mutum nawa ke buɗe kwamfutar. Ta ce su huɗu ne. Na ce in an ɗaga rabo zuwa kilo goma sha biyar, ba sai an rubuta dalili an aika sama ba? Ta ce sai an rubuta. Na ce a takardar za a faɗi wurin? Ta ce za a faɗa. Na ce in an yi mata canjin wurin aiki, wa zai zauna a kujerarta? Ta ce ba ta sani ba. Duk abin da na tambaya ta amsa daidai, ba ta lanƙwasa ko ɗaya ba. Na ji daɗin haka, ya kuma ƙara mini nauyi.

Ta juya biro a hannu. Sai ta ce tana tuna wata rana tana ƙarama, babanta ya dawo gida da laka har gwiwa, keke duk ƙaya. Mamanta ta tambaye shi ina ya je, ya ce ziyara. Ta ce ziyarar wa, ya ce wasu masu jego. Har ya rasu in an tuna masa sai ya yi dariya ya canja magana.

"Can ya je, ko Baba?"

"Can ya je."

"Ka yarda da shi."

"Na yarda da shi. Shi ba ya da fom."

Ta goge ido da gefen gyale. Ishatu ta juya baya tana gyara wuta.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekarunka sun ja. 'Ya'yanka ba wanda ya bi ruwa. In Allah ya yi ikonsa, wa zai san wurin? Wa zai kai su?"

"Ba kowa."

"To ka ga."

"Waɗanda ke can ba su san ni ba, 'yata. Za su yi ta haihuwa ko ina nan ko ba na nan. Abin da zai kashe su a san inda suke."

Ta ce in tuna da Lawal. Na ce na tuna da shi, na kwana da shi a raina tun ranar taro. Kilo goma sha biyar zai ci damina biyu, ta uku ko shidan ba zai samu ba. In ya ji haushina yanzu, ya ji.

Ta duba agogo. Ƙarfe biyu za a rufe rajista. Ta ce in layin nan ya tafi fari, ba ta da yadda za ta yi, daga gobe in aka gan ni a ruwa da gura za a ƙwace, kuma ita za a aiko. Ta ce kada in sa ta wannan aikin. Na ce ba zan sa ta ba, ba za ta same ni a ruwa ba. Ban taɓa satar hanya ba, ba zan fara da furfura ba.

Na dubi Ishatu. Ita ce za ta sha wahalar abin tare da ni. Ta gama kwashe ƙaguwar a tire, ta ɗebo ruwa a buta ta yayyafa wa garwashin, ya yi ƙara ya mutu. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa murhun, ba ni ba, "Ai kajin ma suna son wuri mai ɗumi."

Miriam ta matso da kujerarta, ta ɗora fom ɗin a gwiwata, ta sa yatsa a kan layi na biyu. Hannunta irin na ubanta ne, dogayen yatsu.

"Baba, don girman Allah. Don zumuncinka da babana. Sau ɗaya kawai, ni da kai."

Na ɗauki takardar, na ninke ta biyu, na mayar mata a hannu.

"Ba zan nuna ba."